Mai waƙar bege da mai kunna jan kyandir

'Yar Kwarbai:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma don Allah a bari in kai aya kafin a yanke mini hukunci. Kwanan nan masu tallar kayan mata a TikTok da WhatsApp sun ɓullo da wani abu wai shi kyandir na mallaka. Ja na soyayya, kore na kuɗi, baƙi na raba miji da kishiya. Za a ce ki samu allura ki rubuta sunansa da na mahaifiyarsa a jikin kyandir ɗin, ki shafe shi da turare, ki kunna tsakar dare kina kiran sunansa har ya ƙone ƙurmus. Tallar ba ta ba ni mamaki ba, bokanci ba yau ya fara ba. Abin da ya tsaya mini a rai kalaman da suke ɗorawa a kai ne: ya kasa barci sai ya gan ki, abinci ya fita ransa, zuciyarsa ta narke. Wallahi irin abin da muke sakawa a baitocinmu ke nan. To mu da muke raba dare muna kiran wanda ba ya nan a kan takarda, da ita mai kiran nata a gaban wuta, me ya raba mu? Na san shari'a ta raba mu. Zuciyar da ke ciki nake tambaya.

Abu Huzaifa Gyallesu:
Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa wannan ba abin muhawara ba ne. Sihiri ne. Hadisin Ibn Mas'ud da Abu Dawud ya ruwaito ya ambaci tiwala cikin shirka, kuma malamai sun fassara ta da abin da mace ke yi don ta juyo da zuciyar mijinta. Baƙin kyandir ɗin kuwa aya ta 102 a Baƙara ta gama da shi, masu raba mutum da matarsa.

'Yar Kwarbai:
Malam na yarda da duk abin da ka faɗa ɗari bisa ɗari. Amma ai ba shi na tambaya ba.

Malam na Limanci:
'Yata, tambayarki tana da kyau, kuma Abu Huzaifa bai yi kuskure ba, gaggawa kawai ya yi. Bari in ba ki labarin da ni a wurina ya raba gardamar nan.

A Madina an yi wata baiwa, Barira, mijinta Mugis. Da Nana A'isha ta 'yanta ta sai aka ba ta zaɓi, ta zauna da shi ko ta rabu. Ta zaɓi rabuwa. Ibn Abbas ya ce kamar yana ganin Mugis yana bin ta a baya a lungunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Har Manzon Allah (SAW) ya ce wa baffansa Abbas, ba ka mamakin son da Mugis ke wa Barira da ƙin da take masa? Sai ya yi mata magana, ya ce da kin koma masa. Ta ce ya Manzon Allah umarni kake ba ni? Ya ce a'a, ceto nake yi. Ta ce to ba ni da buƙatarsa. Bukhari ne ya kawo shi.

Ki tsaya ki duba. Wanda da ya ce koma, ba ta da ta cewa, shi ne ya bar mata zuciyarta a hannunta. Bai hana Mugis kuka ba, bai ce masa namiji ba ya kuka ba, bai kuma tilasta ta ba. Mai bege yana nan inda Mugis yake: ya faɗi abin da ke cin sa, ya kai ƙara, ya nemi mai ceto, sannan ya jira amsa, kuma amsar tana iya zama a'a. Mai kyandir ba ta son jin amsa. So take a cire wa mutumin nan ikon cewa a'a. Ciwon da ya tashe su tsakar dare ɗaya ne, na yarda da ke a nan. Inda kowa ya kai ciwon nasa ne ya bambanta.

Maman Walida Tudun Jukun:
Allah ya gafarta Malam, magana ta yi daɗi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku maza kuna maganar zaɓi kamar kowa yana da shi. Mugis ya yi kuka a titi mutane sun tausaya masa. Mace a garin nan ta fito tana kuka tana bin mijinta, me za a ce da ita? Za a ce ba ta da kunya, ba ta da haƙuri, gidansu ba a yi mata tarbiyya ba.

Akwai wata baiwar Allah da na sani, ba zan faɗi unguwa ba. Tunda mijin ya ƙara aure ko kallon kirki bai ƙara yi mata ba. Ranar girkinta ya shigo, ya ci tuwo yana danna waya, ya juya mata baya. Ba duka, ba zagi, cefane bai yanke ba, don haka ba ta da ƙarar da za ta kai ko'ina. Ta je gida aka ce ta yi haƙuri. Wata rana na shiga ɗakinta na ga guntun jan kyandir a bayan gado a kan murfin kwano, kakin ya zuba ya daskare, ana iya ganin rabin sunan a jiki. Da ta ga na gani sai ta fashe da kuka, ta ce ita ba dukiyarsa take so ba, so take ya tambaye ta ya ta wuni. Na yi mata faɗa, na karɓe na zubar, mun yi istigfari tare. Amma ni ban iya ganin ta a matsayin muguwa ba, har gobe.

Abu Huzaifa Gyallesu:
Hajiya tausayi ba ya halatta haram.

Maman Walida Tudun Jukun:
Wa ya ce ya halatta? Ai ni na zubar da shi da hannuna. Cewa nake in za a yi wa'azi a yi wa duka biyun. Shi da ya bar ta da yunwar magana ba a taɓa kiran sunansa a mumbari.

Mai Zane Samaru:
Bari in shigo ta ɓangarenmu na masu fenti da buroshi. Kyandir ya daɗe a hannun masu fasaha kafin 'yan talla su ɗauke shi. Akwai wani mai zane ɗan Faransa, Georges de La Tour, ya rayu daga 1593 zuwa 1652, yawancin zanukan da aka fi saninsa da su na cikin dare ne, haske ɗaya tal. A ɗaya daga ciki wani dattijo kafinta ya sunkuya yana huda katako, yaro ƙarami yana riƙe masa kyandir. Yaron ya kare wutar da tafin hannunsa, sai hasken ya ratsa 'yan yatsunsa suka yi jajir. Duk wanda ya taɓa kare wuta daga iska ranar da aka ɗauke lantarki ya san wannan jan. Ba wanda ya rungumi wani a zanen, ba wanda ya yi murmushi, amma in ka tsaya a kansa sai ka ji ƙirjinka ya yi laushi. Abin da nake koya wa yaran da ke zuwa wurina ke nan: tausayi a zane yana fitowa ne daga inda ka bar haske ya sauka da inda ka bar duhu.

Su kuma mawaƙan Farisa sun yi ɗaruruwan shekaru suna maimaita hoto ɗaya, ƙwaro da kyandir. Mu nan sai mu ce shingen da ke taruwa a fitila bayan ruwan farko, yana zagaye har fiffikensa ya zube. A waƙoƙin nasu masoyi shi ne ƙwaron, shi ke ƙonewa. A tallar da Anti 'Yar Kwarbai ta gani an juya abin, wanda ake so shi ake son ya ƙone. Ni wannan juyin ne ya fi ba ni tsoro.

'Yar Kwarbai:
Mai Zane ka taɓo wurin. Wato mu muna rubuta na kasa barci, su suna rubuta ya kasa barci.

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ni Kirista ne, Bahaushe, a nan aka haife ni, kuma ina so in gyara wani abu tun kafin a faɗe shi, don na sha jin ana cewa kyandir kayan coci ne, daga wurinmu bokaye suka koya. A coci ana kunna kyandir, gaskiya ne. Katolika suna kunnawa a bagade da lokacin addu'a, ana kunnawa daren Kirsimeti, wasu ikilisiyoyi masu fararen kaya kamar Kerubim da Serafim, wadda aka kafa a Legas a 1925, sun fi kowa amfani da shi. Amma ma'anarsa a wurinmu haske ne da tuni, ba a ɗaure zuciyar wani da shi. Littafi Mai Tsarki ya hana sihiri da duba ƙarara. Ranar da mahaifiyata ta cika shekara da rasuwa mun kunna ɗaya a falo, muka rera waƙoƙin da take so da Hausa, muka yi kuka, muka kashe. Ba mu kira ta ta dawo ba. Kewa ce kawai muka ba wuri ta zauna tare da mu na ɗan lokaci.

Malam na Limanci:
Allah ya ba ku haƙurin rashi maƙwabci. Ka yi kyau da ka faɗa.

Ɗalibin Tarihi Kongo:
In ƙara a kan maganar Ɗan Wusasa. Kyandir baƙo ne a harkar, amma harkar ba baƙuwa ba ce. Kakanninmu sun san kiranye, wanda ake yi don wanda ya yi nisa ya ji hankalinsa ya tashi sai ya dawo gida. Sun san mallaka, sun san farraƙu, sun san kurciya mai korar mutum ya bi duniya. Da turare ake yi, da layu, da ƙulle-ƙulle, da binne-binne. Hasken ɗaki a lokacin aci-balbal ne, kasko da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga, daga baya fitilar ƙwai ta zo da kananzir. Ko a Turai kyandir na kitsen dabba ne ko na kakin zuma mai tsada, sai a tsakiyar ƙarni na 19 da aka fara samun kaki daga man fetur ya yi araha har talaka ya iya sayen mai launi. Wannan rabon na ja kaza kore kaza, ƙananan littattafan da aka riƙa bugawa a Amurka a ƙarni na 20 ne suka yaɗa shi, yanzu kuma intanet ta kawo shi har cikin ganuwa. Mai tallar da ke cewa sirrin kakanni ne take sayarwa, ƙarya take yi ko ta fuskar tarihi.

Nas ta Tukur-Tukur:
Ni abin da zan ce gajere ne. Ana ce musu kada a kashe, a bar shi ya ƙone da kansa, kuma a ɓoye kada kowa ya gani. Ina ake ɓoyewa? Ƙarƙashin gado, bayan labule, kusa da katifar soso da gidan sauro, ga yara suna barci. Wanda ya taɓa wanke ƙunar yaro ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Kuma akwai hadisi, gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, Annabi (SAW) ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta.

Baba Maiɗinki Anguwan Juma:
Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji ana ta cewa maza ba sa magana mai taushi. To mu a zamaninmu ba a faɗa da baki, kunya ba ta bari. Matata, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa ce mata ina son ki ba. Amma shekarar da na tafi Kurmi neman kuɗi na daɗe, da na dawo sai ta miƙo mini hula a naɗe cikin ɗankwali, ba ta ce komai ba ta koma madafa. Ni maɗinki ne, aska takwas nake yi wa manya, riga ɗaya tana cin watanni, don haka na san karatun allura. Na juya hular ta ciki. Wani wuri ɗinkin ya matsu ƙwarai, wani wuri ya saki, wani wuri ta warware ta sake. Na gane daren da hankalinta ke kwance da daren da ba ya kwance. A gefen da ke taɓa ƙeya ta ninka zaren sau biyu don ta san nan hulata ke fara cinyewa. Wace waƙa ce za ta gaya mini abin da hular nan ta gaya mini? 'Ya'yana, so yana da hanyoyi, ba sai an yi ta surutu ba.

Mai Zane Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan da ka faɗa ya fi duk abin da na kawo daga Faransa.

Maman Walida Tudun Jukun:
Baba Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Amma ka lura, ita ta ɗinka, kai kuma ka juya hular ka karanta. Ka iya karatun. Matsalarmu yanzu an bar faɗa da baki saboda kunya, an kuma bar karatun saboda waya. Mace ta yi lalle tun daga yatsa har gwiwar hannu, ta zauna awa uku ba ta motsi, ya shigo bai gani ba. To me ya rage mata?

Abu Huzaifa Gyallesu:
Tunda an ce a yi wa kowa wa'azi, bari in juyo kan ku mawaƙa, kuma ba da faɗa ba. Ku ma kuna da hannu. Yarinya tun tana aji uku na sakandare take jin in ba ke ba sai rijiya, in na rasa ka zan mutu, kai ne numfashina. An koya mata cewa rashin wanda take so daidai yake da mutuwa. Ranar da ya juya mata baya, wanda aka gaya wa mutuwa ce ke gabansa ai komai aka miƙo masa zai karɓa. Boka bai yi wahalar komai ba, kun riga kun share masa fili.

'Yar Kwarbai:
Malam wannan karon maganarka ta shige ni. Ba zan kare kowace waƙa ba, akwai waɗanda ni ma ba na bari ƙannena su ji. Amma kada a ce maganin shi ne a daina waƙar kewa. In aka rufe wa mutum bakin faɗin ciwonsa, ai nan ne zai nemi bayan gado. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka dame shi ya ce shi ga Allah yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Ba a ce masa ya daina ji ba.

Malam na Limanci:
Ku biyun kun kusa haɗuwa ba ku sani ba. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa waƙar bege ba, kuma malamai ne suka fi kowa yin ta. Burda da muke karantawa, ta Busiri mutumin Masar na ƙarni na 13, da hawaye ta buɗe, mutum ya tuna maƙwabtan da suka yi nisa. Ishiriniyar Alfazazi daga Andalus ta taso, ga ta har yau a zaurukan birni ana rera ta cikin dare a watan Maulidi. Shehu Usmanu yana saurayi ya yi waƙar Larabci yana tambaya ko akwai hanyar da za ta kai shi Madina da sauri ya ziyarci kabarin Manzo. Allah bai nufe shi da zuwa ba har ya rasu a 1817. Begen bai kashe shi ba, bai kuma sa shi neman gajeriyar hanya ba, aiki ya sa shi.

Mu nan Zazzau ba sai mun je nesa ba. Aliyu Namangi makaho ne, bai ga Ƙofar Doka ba balle kubbar Madina, amma Imfiraji da ya bari har yau in almajiri ya ɗauko ta a ƙofar gida sai ka ga tsohuwa ta ajiye abin da take yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa saboda ita.

Kada kuma a ce sai begen Annabi kaɗai aka yarda da shi. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. 'Yar Shehu ce, malama ce, ba ta ji kunyar a san tana kewar mijinta ba. Abin da Abu Huzaifa yake ƙi shi ne waƙar da ke cewa babu rayuwa bayan wane. Abin da 'Yar Kwarbai take karewa shi ne waƙar da ke cewa rashin wane yana mini ciwo. Ba abu ɗaya ba ne.

Ɗalibin Tarihi Kongo:
Allah ya gafarta Malam, amma ta Asma'u bayan mutuwa ce. Bahaushe ya iya yabon mamaci. Na mai rai ne ke gagarar mu.

Maman Walida Tudun Jukun:
Yawwa ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka. Nan nake tun ɗazu. Mace ta mutu ka ga namiji yana sharɓar kuka a maƙabarta yana ba da labarin kirkinta, ita kuwa ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Malam na Limanci:
Hajiya ba ni da abin musu a nan. Kuma ba daga addini muka samo wannan ba. Amr bin As ya tambayi Annabi (SAW) wa ya fi so cikin mutane, ya ce A'isha, tana raye, kuma a gaban namiji ɗan'uwansa ya faɗa. Kunyar da ta hana mu faɗa tamu ce ta gado. Tana da kyawunta, Baba Maiɗinki ya nuna mana, amma inda ta zama zalunci sai a ajiye ta.

Abu Huzaifa Gyallesu:
Wannan hadisin ingantacce ne, yana Bukhari da Muslim. Ban ƙi a karantar da shi ba. Amma ina nan a kan bakana, masu tallar nan a daina tura bidiyonsu ko da sunan faɗakarwa ne, don wata a nan za ta ga lambar.

'Yar Kwarbai:
Shi ya sa ban turo ba Malam, kuma kada wanda ya turo. Ni dai a zaman karatun waƙa mai zuwa ina so kowa ya zo da baiti ga wanda yake raye, mata ko miji ko uwa ko aboki, ba mamaci ba, ba kuma wadda aka ƙirƙira ba.

Baba Maiɗinki Anguwan Juma:
Mu da namu suka riga mu fa, 'yata?

'Yar Kwarbai:
Baba kai ka zo da hular, in tana nan.

Maman Walida Tudun Jukun:
Ni kuma Allah ya gafarta Malam roƙona ɗaya. Karatun da kake yi bayan magariba maza ne zalla suke zama. Labarin Mugis da na Amr bin As ɗin nan, can za ka kai su, don matan da ke zauren nan sun riga sun ji. Kuma in ka tashi kada ka tsaya a kan falala, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya yaushe rabon da su zauna da matansu ba waya a hannu.

Malam na Limanci:
In Allah ya kai mu Laraba zan karanta musu. Tambayar ɗaya bayan ɗaya kuwa ba zan yi a bainar jama'a ba, tona asiri ne, amma waɗanda nake da iko da su zan kira su gefe.